Tulun Muryar Inna

Shafi na 23

Masu turo mini saƙo tun da asuba, ga naku.

*

Ɗan tulu guda, bakinsa a toshe da kakin zuma.
Zani biyu na naɗe shi.
Kaskon wuta da ragowar gawayi.
Rabin burodi.
Wuƙar gyaran kifi.
Cokalin Inna.

Iyakar abin da Tsinke ta fito da shi ke nan. Takalmin ƙafarta ma wari nata ne, wari na Inna, sai da jirgin fito ya bar gaɓa ta lura.

Ta sake cusa hannu cikin zani ta taɓa tulun. Da ta baro gida zafinsa kamar goshin mai zazzaɓi. Yanzu kuwa kamar shayin da aka zuba aka manta da shi.

Ta sunkuya ta hura gawayin.

"'Yan mata," in ji mai fito, "jirgin nan fa na katako ne."

"Na gani."

"To kashe wutar."

"Ba zan kashe ba, Baba."

Ya leƙo ƙunshin da ke cinyarta, ya ga wuyan tulu da jan kaki. Sai ya sassauta.

"Murya ce?"

"Ta uwata."

"Wace ce uwar taki?"

"Mai kifin bakin tasha."

"Kai! Wadda in ta kira ciniki a can, mu da ke tsakiyar ruwa sai mun waiga? Ashe shi ya sa kogin ya yi tsit kwanan nan. Ni na ɗauka kunnena ne ya fara tsufa."

"Baba, tuƙa."

Ya tuƙa.

Kowa ya san yadda aike yake a ƙasar. Takarda ba ta ƙetare ruwa. Kafin a kai tsakiya tawadar ta tsiyaye ta bar farin shafi. Ƙaramar magana, bakin ɗan aike ya ishe ta. Amma babbar magana, wadda ba a so a sa mata gishiri a hanya, sai mutum ya je Gidan Aike a ba shi ɗan tulu. Ya kira sunan wanda yake nufi, ya faɗi abin da zai faɗa a ciki, a toshe. Muryarsa ɗungurungum take shiga. Ya koma gida bebe. Ranar da mai sunan ya ɓare kakin ya ji da kunnensa, muryar ta kama hanya ta koma maƙogwaron mai ita. In wani ne ya buɗe, ta watse a iska. In tulun ya huce ba a ji ba, ta mutu a ciki.

Inna yayanta ta aika wa, Kawu, Mai Sauraro na Gidan Aiken ƙetare, mutumin da duk wani koke yake zuwa da sunansa. Tun zaman makokin ɗansa, Yaya Kafinta, wanda jirginsu ya nutse a teku, ba su ƙara magana ba. Abin da ta faɗa a tulun ba wanda ya sani. Abin da kowa ya sani, tulun ya dawo bakinsa a toshe yadda ya tafi.

Ko maƙiyinka ba ka yi masa haka.

Tun ranar Inna take rungume da shi kamar jariri. In tana son ruwa, ta buga cokali a faranti. In tana son zagi, ta ƙara ƙarfin bugun. Sai da ta shiga wanka Tsinke ta samu ta sace tulun. Ta haɗa da cokalin, don kada Inna ta tara mata maƙwabta kafin ta kai tasha.

Jirgi bai gama tsayawa ba ta dira. Mai fito ya ɗaga murya a bayanta.

"A gaishe ta in bakin ya dawo! Ki ce mun gaji da shirun nan!"

Ba ta waiga ba.

*

Tun daga ƙofar Gidan Aike warin kaki da hayaƙi ya tare ta. Dogon zaure ne, benci a jere, da ƙananan ɗakuna masu tagar gilashi inda masu aike suke shiga su yi maganarsu. Yau ɗakunan wayam. Mutane ne cike da benci, kowa da tulu a cinya, kowa ya naɗe nasa da abin da ya samu: wani hula, wani safa, wata bargon goyo. Rabinsu ba sa magana. Sauran rabin suna yi musu.

Wata tsohuwa ta ja mata zani.

"Ke ma ya dawo miki da naki?"

"Na uwata ne."

"Wannan na mijina ne. Shekara da shekaru ina roƙon Allah mutumin nan ya yi mini shiru. Yanzu da ya yi, gidan ya ƙi zaunuwa."

Tsinke ta zare zaninta ta wuce.

A gindin matakala Mataimakin Mai Sauraro ne tsaye, tarin makullai a ƙugunsa.

"Ina zuwa?"

"Sama."

"Mai Sauraro ba ya ganin kowa. Kansa ke ciwo."

"Ni 'yar ƙanwarsa ce."

"Ɗazu ma wani ya ce shi kakansa ne."

"Malam, matsa."

Ya dube ta daga sama har ƙasa. Ya daɗe a kan takalman. Ya dubi wuƙar da ke soke a ƙugunta. Sai ya yi wani murmushi da ba ta yarda da shi ba.

"Hau. Amma in kin fito ki faɗa mini abin da kika gani. Shugabannin Gida suna hanya, koke ya kai musu. Mutum ya kulle kansa a ɗaki, ba ya buɗe tulu, ba ya bari a tsaya masa a baya. Ni dai mataimaki ne, ba ruwana. Amma kujera ba ta zama haka."

"In kujerar kake so, ka jira su ba ka. Ni murya na kawo."

Ta haye tana tsallake matakala, kasko a hannu ɗaya, tulu a ƙirji.

*

Ɗakin ba yadda ta san shi yake ba. An juya tebur ya fuskanci ƙofa. An kafa madubi a bango. Kawu yana tsaye a bakin taga ya ba ta baya, hannunsa ɗaya dafe da ƙirji.

"Salamu alaikum."

Shiru.

"Kawu."

Ko motsi.

Ranta ya ɓaci. Haka ya yi wa Inna a zaman makoki. Inna ta tsaya a bayansa tana kuka tana ba shi haƙuri, ya yi kunnen uwar shegu da ita a gaban jama'a, ko waige. Ranar Inna ta ce masa dutse ne a ƙirjinsa ba zuciya ba, da muryar da har masu wucewa a titi suka tsaya.

Tsinke ta tura ƙofar da ƙafa, ta zagaya ta dangwarar da kasko a kan tebur. Inuwarta ta faɗa a gilashin taga. Ya zabura ya juyo.

Ya rame. Idanunsa sun yi ja. Kuma ba idonta yake kallo ba, bakinta yake kallo.

"Tsinke? Yaushe kika..."

Sai ya ga ƙunshin.

"Mene ne wannan?"

"Ka san ko mene ne."

Ya fizge shi, ya warware zanin, ya manna tulun a kumatunsa. Ta ga fuskarsa ta canza.

"Inna lillahi. Wa ya ce ki rabo shi da ita?"

Muryarsa ta yi sama fiye da kima, kamar mai kiran wani a tsallaken titi.

"Wa ya ce ka mayar da shi?"

"Don ya daɗe na mayar! Murya in tana jikin mai ita ba ta saurin hucewa. A ƙirjinta sai ya kai damina da zafinsa. Ɗan aiken bai faɗa muku ba? Na ce ya ce mata ta ajiye shi a jikinta, kada ya bar gefenta ko wanka za ta shiga."

Tsinke ta mayar da ido kan kasko.

"Bai faɗa ba?"

"Ya fara magana."

"Sai me?"

"Na watsa masa ruwan kifi."

Kawu ya runtse ido.

"Ke dai uwarki kika ɗebo. Ba ki bar ko ɗigo ba."

Ta tuna yadda Inna take ƙanƙame tulun, yadda take barci da shi, yadda take ture hannun duk wanda ya kai masa. Ashe jikinta ya gane abin da bakinta ba shi da halin faɗa. Ita kuma ta laɓe tana jira Inna ta shiga wanka. Har da ɗauke cokali.

Nadama tana iya jira.

"To ga shi ya zo. Buɗe."

"Ki mayar da shi. Yanzu. Jirgi na gaba."

"Ba zai kai ba. Ka taɓa ka ji. Kai ma ka san ba zai kai ba."

Bai musa ba.

"Buɗe, Kawu. Ɓare kaki ne kawai. Ko zagi ne a ciki ka shanye, ba yau ta fara zaginka ba."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Tsinke..."

"Matar da ta goya maka ɗa da uwarsa ta rasu! Ni ina gaba shi yana baya, haka take zuwa tasha. Yau don ta faɗa maka magana ɗaya mai zafi za ka bar ta ta mutu bebiya?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ya jawo zanin ya fara rufe tulun.

Ta juya masa baya ta sunkuya kan kasko tana tona gawayi, bakinta bai tsaya ba.

"Da Yaya Kafinta yana raye da ba ka isa ka yi mata haka ba. Gara ma da ya mutu bai ga abin da ubansa ya koma ba."

Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Ta ƙame tana jiran mari.

Mari bai zo ba.

Ta waiga. Kawu yana sake naɗe tulun a hankali, yana soke bakin zanin, fuskarsa yadda take ɗazu.

Tsinke ta miƙe. Ta dubi teburin da aka juya. Ta dubi madubin. Ta tuna abin da Mataimaki ya ce, ba ya bari a tsaya masa a baya.

Ta zaro cokalin Inna, ta zagaya bayansa, ta maka shi a ƙarfen taga da iyakar ƙarfinta. Tattabarun da ke kan rufi suka watse.

Kawu ko gezau.

Ta dawo gabansa, ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta.

"Kawu, rigarka ta kama da wuta."

Ya dube ta.

"Sauke mayafin nan in kina yi mini magana."

Ta sauke.

"Ka kurumce."

Ya nemi kujera ya zauna.

"A'a."

"Na buga ƙarfe a bayan kunnenka."

"Ina ji sarai. Ba nan nake ji ba."

Ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo wani zare. A ƙarshensa wata 'yar katantanwa ce fara, ba ta fi kan yatsa ba.

Tsinke a labari kawai ta san ta. Tagwayen katantanwa. Mutum ya hura jinsa a cikin ɗaya ya ba matafiyi, ya rataya ɗayar a wuya. Duk inda waccan ta je, can kunnensa yake. A nan kuwa ko aradu ce ta faɗi a gabansa bai san an yi ba.

"Ranar da zai hau jirgi na ɗinke masa ɗayar a cikin ɗamararsa," in ji Kawu. "Bai sani ba. Na ce tafiyar gajeriya ce, zan ce ba ni da lafiya, kafin a ankara ya dawo. Bakin mutane kuwa na iya karanta shi. Na tsufa ina kallonsu ta bayan gilashi."

"Jirgin ya nutse, Kawu."

"Na ji nutsewarsa. Na ji katako yana karyewa, na ji ruwa ya rufe komai. Na daɗe ba na jin komai sai ruwa. Sannan na ji tari."

"Tarin wa?"

"Yana raye."

Ta ja da baya har ta bugi tebur.

"Kuna karɓar gaisuwa a tsakar gida, ni ina jin yana aman ruwa a kan yashi. Ta ina kuka zai zo mini? Uwarki ta tsaya a bayana, ban san tana nan ba sai da na ga kowa ya zuba mini ido."

"Baƙin ciki ne ya taɓa ka."

Ya karkata kai, idanunsa suka tafi wani wuri da ba ɗakin ba.

"Yanzu haka yana aiki. Katakon ɗanye ne, ƙararsa ba ta tashi. Ga shi nan, ya bugi yatsa. Ya ce wa gudumar 'yar banza mai kan tarwaɗa."

"Wannan zagin Inna ne. Kai ma ka san shi."

"Akwai wata kyanwa da ke zuwa wurinsa in an tashi aiki. Ita yake wa hira, don mutanen wurin ba sa jin harshenmu. Ya faɗa mata wanda ya jefa sikelin uwarki a kogi kuna yara. Ya ce ba shi ba ne. Ya ce shi dai ya sha dukan."

Ita ce ta jefa sikelin. Duk duniya ba wanda ya san wannan sai su biyu.

"Yana ina?"

"Da na sani kina ganin za ki same ni a ɗakin nan? Wurin gyaran jirage ne. Ba sa barinsa ya fita, in ya tashi ina jin sarƙa. Jirage na zuwa suna tafiya. Jira nake wani matuƙi mai jin harshenmu ya sauka ya kira sunan tashar. Shi ke nan abin da nake jira."

"Me ya hana ka faɗa wa mutane?"

"Mai Sauraro ya aika kunnensa waje? A gabana shugabanni za su take ta da takalmi. In wannan ta fashe jina ya dawo nan take, shi kuma ya ɓace mini har abada."

Ta kama maganar a tsakiya.

"Nan take?"

Ya dubi bakinta. Ya daɗe yana duba.

"Nan take."

Tsinke ta kai hannu kan tulun. Wuyan ya yi sanyi ƙalau. Ɗumin ya tattara ya koma can gindi, sai an danna tafin hannu ake jin sa.

Ba ta san lokacin da ta damƙi zaren ba. Ta jawo shi har kan Kawu ya sunkuyo, katantanwar ta kwanta a kan tebur. Ta zare wuƙa ta juya ƙotar ta ɗaga.

Bai riƙe ta ba.

"Fasa," ya ce. "Ba zan hana ki ba. Na ɗora ta a teburin nan da dutse a hannuna ban san iyaka ba. Mutanen da ke ƙasa, na san abin da ke mutuwa a cinyar kowannensu. Hannuna ne ya ƙi. Wataƙila naki ya fi nawa ƙarfi."

Ƙotar ta tsaya a sama.

Bai kamata ta tambaya ba. Ta tambaya.

"Me yake yi yanzu?"

"Tari. Ya kwana biyu yana yi."

Ta yi jifa da wuƙar. Ta saki zaren. Ta je taga ta dawo, ta je ƙofa ta dawo, takalmin Inna yana fita daga ƙafarta tana mayar da shi.

"Dole akwai wata hanya. Ku 'yan Gidan Aike ba ku taɓa gina ɗaki mai ƙofa ɗaya ba."

Sai ta tuna bango take yi wa magana. Ta zo ta tsuguna a gabansa.

"Ba a karɓa wa mutum? Wani ya rataya ta a madadinka, kai jinka ya dawo?"

Ya kau da kai.

Ta matsa ta sake shiga idonsa.

"Kawu. Ba a karɓa?"

"Ba zan ba ki ba."

"Ashe ana karɓa."

"Sai wanda kuka haɗa jini. Kuma in an karɓa ba a mayarwa. Daga ni sai uwarki sai ke. Kina ganin zan ƙetara in ce wa ƙanwata ta ba ni kunnenta?"

"Da ka tambaye ta da ta zage ka tas, sannan ta ba ka."

"Na sani. Shi ya sa ban tambaya ba."

"Ni ba Mai Sauraro ba ce. Ba dokar da ta hana mai gyaran kifi rataya katantanwa."

"Tsaya ki ji. In tasa ce ta riga fashewa a can, jin ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Kafinta ne, Tsinke. Wuni yake da guduma a hannu, katantanwar kuma tana ƙugunsa. Ni na tsufa, na ji abin da zan ji a duniya. Ke fa?"

Ta dubi katantanwar.

"Kuma kin ƙetaro ruwa ne don ki sake jin muryar uwarki. In kika rataya wannan za ta yi magana, 'yan tasha su ji, masu fito su ji, kifin cikin kogi ya ji. Ban da ke."

Daga ƙasa hayaniya ta taso. Ana jan benci, ana gaisuwa, makullai suna ƙara.

Kawu bai ji ba. A fuskarta ya gani.

"Sun iso?"

Ta gyaɗa kai.

Ya mayar da katantanwar cikin riga, ya dafe ta da tafin hannu. Bai roƙe ta komai ba.

Tsinke ta miƙe ta buɗe ƙofa.

Dattawa ne a kan matakala, suna hawowa a hankali suna dafa bango. Mataimaki yana gabansu. A bayansu zauren gaba ɗaya ya taso, kowa da tulunsa. Tsohuwar ɗazu ta ɗaga na mijinta sama don kada a ture shi.

Mataimaki ya ɗaga kai ya gan ta.

"Yawwa, 'yar mai kifi. Ga shugabanni. Faɗa musu me kika gani."

Kalma ɗaya ta ishe ta. Ta ce katantanwa, su hau su take ta. Kafin ta kai gida Inna tana bakin tasha tana jiranta da zagi a kan cokali. Ba hannunta ne zai fasa ba. Ba mai ganin laifinta, har Kawun.

Sai Yaya Kafinta, can wani wuri, yana ba kyanwa labari, bai san an daina sauraronsa ba.

Ta tsaya. Makullan Mataimaki suna kaɗawa. Wani jariri yana kuka a zaure. Tattabaru sun dawo kan rufi. Can nesa mai fito yana kiran masu ƙetarewa. Ba ta taɓa lura duniya tana da surutu haka ba.

"Ke muke jira," in ji Mataimaki.

"Ku ci gaba da jira."

Ta ja ƙofar ta rufe, ta danna sakata, ta jawo kujera ta tokare. Ta juya ta tsaya daidai inda hasken taga yake faɗowa a bakinta.

"Kawu, kalli bakina da kyau, ba zan maimaita ba. Cire ta ka rataya mini. Sannan ka buɗe tulun uwata."